Magudanan Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa

Jawabin da aka yi wa jama'a a Mubi, Jihar Adamawa, a taron wayar da kai na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya

 

Abin da ya tara mu yau shi ne cutar nan ta tsofaffi wadda ake kira gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa, da kuma wani labari da ke yawo a wayoyin hannu, wai an gano wata fiɗa da ake yi a wuya wadda ke warkar da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Lalle akwai bincike na gaskiya da masana ke yi a kan wannan al'amari, kuma sun ga abin ƙarfafa zuciya a jikin ɓeraye. Sai dai tsakanin ɓera da ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, kuma ƙasar da aka fi yi wa mutane wannan fiɗa ita da kanta ta hana yinta cikin shekarar 2025. Nufin Ma'aikata shi ne kowane magidanci ya san iyakar abin da aka tabbatar, domin kada wani ya sayar da gona ko garken shanu ya bi abin da bai nuna ba tukuna, ya kuwa bar abin da ke hannunsa mai amfani.

Mene ne gigin tsufa?

Kowa yakan yi mantuwa, yaro da babba. Mutum ya manta inda ya ajiye makulli, can an jima ya tuna, wannan ba ciwo ba ne. Gigin tsufa ya wuce nan. Shi ne tsohuwa ta ci abinci, bayan ɗan lokaci ta rantse ba a ba ta ba. Shi ne dattijon da ya shekara 40 yana zuwa kasuwar shanu ya fita ya kasa gane hanyar gida. A hankali lissafin kuɗi ya gagara, sunayen jikoki su ɓace, raka'o'in salla su rikice, hali ya canza, har mutum ya kasa yi wa kansa wanka da sa tufafi. Dalilin haka shi ne ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa suna mutuwa sannu sannu. Ciwo ne na jiki kamar ciwon hanta ko na ƙoda, kuma tsofaffi da yawa sukan kai shekara 90 da hankalinsu garau.

Cututtuka dabam dabam ne ke kawo shi. Babbarsu ita ce cutar Alzaima, wadda ta samo sunanta daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer. Cikin shekarar 1906 ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi shekaru a ruɗe, ya tarar da wani datti ya dunƙule a tsakanin ƙwayoyin halitta, wani kuma ya cukurkuɗe a cikinsu. Na farkon a yau ana kiransa amiloid, na biyun kuwa tau, dukansu kuma nau'in furotin ne da jiki da kansa ke yi. Mai bi mata a yawa ita ce lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haddasawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mu ma a Nijeriya an ƙirga. Daga shekarar 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, a ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da takwarorinsu na birnin Indiyanafolis a Amurka. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna cewa cikin masu shekara 65 zuwa sama, fiye da mutum 2 cikin 100 a Ibadan suna da cutar, a tsakanin baƙaƙen fata na Indiyanafolis kuwa fiye da 8 cikin 100. Wani bincike da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya sami kusan 3 cikin 100. Muddin mutanenmu suna ƙara tsawon rai, adadin masu ciwon zai riƙa hauhawa.

Yadda jiki ke zubar da shararsa

Kafin mu fahimci fiɗar da ake magana, sai mun san wani sashe na jiki wanda ba a faye ambatonsa ba. Ban da jijiyoyin jini, akwai waɗansu siraran hanyoyi a ko'ina cikin jiki, masu ɗauke da wani farin ruwa. Aikinsu shi ne kwashe ruwan da ya tsatso daga jini ya kwanta cikin nama, tare da datti da ƙwayoyin cuta, su bi da shi ta waɗansu ƙananan ƙulli-ƙulli masu tacewa, sa'an nan su juye shi cikin manyan jijiyoyin jini a gindin wuya. Waɗannan ƙulli-ƙulli su ne kaluluwa, waɗanda kan kumbura a matsematsi ko hammata idan mutum ya yi miki. Mahautanmu sun san su sarai, gama su ne malamin dabbobi ke tsagawa a mayanka domin ya duba ko saniya tana da tarin fuka. Bari mu kira waɗannan hanyoyi magudanai, domin aikinsu ɗaya da na lambatun gari.

Mutumin Mubi ba ya bukatar a gaya masa abin da kan faru idan lambatu ya toshe da leda da yashi, damina kuma ta sauko, ruwa ya gangaro daga duwatsun Mandara yana neman hanyar kogin Yedzaram. Ruwan sai ya kwanta a unguwa, ya ci katanga. Haka yake a jiki. Tundurmi da gwaiwa, waɗanda muka sani a jihohi da yawa na ƙasar nan, asalinsu wata tsutsa ce da sauro ke sa wa mutum, ta zauna cikin magudanai ta lalata su, ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura. Da aka dage da rabon magani shekara da shekaru, sai ga shi a 2017 an bayyana cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da wannan cuta.

To, ina ƙwaƙwalwa? Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Gidan da ake girki dare da rana tilas ya tara toka. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, ta wace hanya wannan toka ke fita?

Gano magudanan ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana kwance ne cikin wani ruwa garai-garai, an lulluɓe ta da tantani hawa uku. Wannan tantani shi ne ke kumbura idan mutum ya kamu da sanƙarau, kuma wannan ruwa shi ne likita ke ɗiba da allura ta gadon baya domin gwaji. Ruwan da ke nan a kowane lokaci bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba, watau wajen mililita 150, amma a kwana ɗaya jiki yakan yi kamar rabin lita, daidai da ledar ruwan sha guda. Ashe ke nan ana sabunta shi sau uku ko huɗu kullum, tsohon kuwa yana da mafita.

Tun 1787 wani masanin Italiya, Paolo Mascagni, ya zana magudanai a jikin wannan tantani, amma na bayansa suka ce kuskure ya yi, littattafan likitanci suka shekara fiye da 200 suna koyar da cewa babu su. Duk da haka alamu ba su daina fitowa ba. A 1869 wani Bajamushe mai suna Gustav Schwalbe ya zuba shuni cikin ruwan ƙwaƙwalwar dabbobi, sai ga shunin a kaluluwar wuya. Cikin shekarun 1990 masana a Toronto ta ƙasar Kanada suka auna a jikin tumaki, suka ga kusan rabin ruwan ta magudanai yake fita.

A 2012 ne Farfesa Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna yadda ruwan ke kutsawa cikin ƙwaƙwalwar ɓera ta gefen jijiyoyin jini, yana wanke ta, yana fitowa da amiloid. Shekara guda bayan haka suka ba da rahoton cewa wankin ya fi ƙarfi sa'ad da ɓeran ke barci, har amiloid na fita da sauri kusan ninki biyu. A 2024 waɗansu masana a Landan sun ce nasu awon ya nuna akasin haka, kuma har yanzu ana muhawara a kan wannan gaɓa. Sa'an nan a 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta Jonathan Kipnis a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, ɗaya ta Kari Alitalo a Helsinki ta ƙasar Finlan, kowacce ita kaɗai, suka ga magudanan da idonsu a tantanin ɓera, suka bi su har kaluluwar da ke can cikin wuya. A 2017 aka ɗauki hotonsu a kan mutane masu rai. Mascagni dai ya yi gaskiya.

Daga nan sai tunani ya zo: idan dattin Alzaima yana taruwa ne saboda magudanai sun tsufa sun yi rauni, ko gyara su zai rage ciwon?

Abin da aka gwada a kan dabbobi

Ɓera ba ya kamuwa da Alzaima don kansa. Saboda haka tun 1995 masana suka iya dasa wa ɓeraye ƙwayoyin gado da aka samo daga iyalan mutane masu gadon cutar, sai ƙwaƙwalwarsu ta riƙa tara amiloid tun suna 'yan watanni. Domin a auna tunaninsu kuwa, akan yi amfani da dabarar da Richard Morris ya ƙago a Sikotlan a farkon shekarun 1980. Akan cika babban baho da ruwa mai gurɓi, a ɓoye ɗan dandamali ƙarƙashin ruwan, a saki ɓera ya yi iyo har ya same shi. Lafiyayye cikin 'yan kwanaki zai riƙe wurin ya nufe shi kai tsaye, mai ciwo kuwa kullum sai ya yi ta kewaye kamar bai taɓa shiga ba.

Gwaji na farko shi ne a ɓata magudanan a ga abin da zai faru. A 2018 masanan Bajiniya suka lalata su a kan ƙananan ɓeraye lafiyayyu, sai koyonsu ya ja baya. Da suka yi wa masu gadon Alzaima haka, sai amiloid ya ƙara taruwa. A 2019 masana a birnin Nanjin na ƙasar Sin suka tsaga wuyan irin waɗannan ɓeraye suka ɗaure magudanan da zare, sai datti ya ƙaru, kumburi ya ƙaru, tunani ya daɗa lalacewa. Wannan ya nuna toshe hanyar yana cutarwa.

Gwaji na biyu shi ne a buɗa hanyar. A aikin nan na 2018 an ba tsofaffin ɓeraye wani sinadari mai sa magudanai su yi faɗi, sai ruwa ya ƙara gudu, su kuma suka ƙara ƙoƙari a jarrabawar tunani. A 2024 masanan Rochester suka ɗiga wani magani, irin wanda ake ba mata don tayar da naƙuda, a kan magudanan wuyan tsofaffin ɓeraye, sai suka koma matsa ruwa kamar na matasa. A 2025 kuma masana a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, a ƙarƙashin Farfesa Gou Young Koh, suka ƙera 'yar na'ura mai shafa fatar fuska da wuyan ɓera da wani awo na musamman, suka ga fitar ruwa ta ƙaru ƙwarai. Ku lura, gudun ruwa suka auna, saboda haka kada wani mai tausa ya ce muku da wannan yake warkar da gigin tsufa.

Akwai kuma fiɗa sosai. Likitocin ƙashi sun daɗe da sanin dabarar Gavriil Ilizarov na Rasha, wanda tun shekarun 1950 ya gano cewa idan aka yanka ƙashi aka riƙa jansa kaɗan kaɗan kullum, sabon ƙashi da sababbin jijiyoyi sukan tsiro a wurin. Masana a wata jami'a ta Hon Kon suka ɗauki wannan dabara suka kai ta ƙoƙon kai. Suka yanke ɗan guntun ƙashi a kan ɓera mai gadon Alzaima, suka maƙala masa ƙarfe, suka riƙa motsa shi a hankali na kwanaki. Rahotonsu na 2025 ya ce magudanan tantanin da ke ƙarƙashin wurin sun ƙaru, amiloid ya ragu, tunanin ɓerayen ya gyaru.

Wannan duka aiki ne mai kyau, kuma ya cancanci yabo. Ya buɗe wa likitoci wata ƙofa da ba su san da ita ba shekara 15 da suka wuce.

Dalilin da ya sa ɓera bai isa shaida ba

Na ɗaya, ɓera yakan rayu kamar shekara 2 ne, ciwon da aka dasa masa kuwa cikin watanni yake fitowa. A jikin mutum dattin yakan shekara 15 ko 20 yana taruwa kafin iyali su ga alama, kuma kafin nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu ɗimbin yawa sun riga sun mutu. Yashe lambatu yana hana ambaliya ta gaba, amma ba ya tayar da katangar da ta riga ta faɗi.

Na biyu, irin gadon da ake dasa wa ɓeraye ba a samunsa sai a iyalai kaɗan ƙwarai. Yawancin tsofaffinmu nasu ciwon ya haɗa da hawan jini, da ciwon sukari, da lalacewar jijiyoyi, abubuwan da ɓeran ɗakin gwaji bai san su ba.

Na uku, tarihi ya koya mana. Wani nazari da aka buga a 2014 ya ƙirga magunguna 244 da aka gwada wa masu Alzaima tsakanin 2002 da 2012, da yawansu bayan sun yi nasara a kan dabbobi, amma guda ɗaya tak aka amince da shi. Ita ma dabarar zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa an taɓa gwada ta. Likitoci a Amurka sun sa wa waɗansu 'yan marasa lafiya siririn bututu mai janye ruwan zuwa ciki, aka ga kamar sun samu sauƙi. Sai aka shirya babban gwaji da mutum 215. Kowa aka sa masa bututu, amma na waɗansu a toshe yake, kuma majiyyaci da mai duba shi ba wanda ya san na wa ke aiki. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna babu bambanci, waɗansu ma sun kamu da ƙwayoyin cuta saboda fiɗar. Mai gigin tsufa yana da ranar sauƙi da ranar tsanani, iyalin da suka kashe dukiya kuwa idonsu ranar sauƙin yake gani. Shi ya sa sai da irin wannan gwaji akan san na ƙwarai.

Abin da ya faru a ƙasar Sin

Fiɗar wuya da ake yayatawa ba sabuwa ba ce ga likitoci. Wani likitan Japan, Isao Koshima, ya shahara da ita tun shekarun 1990 wajen rage kumburin hannu ko ƙafa, musamman ga matan da aka yi wa aikin ciwon dajin nono. Akan duba ta madubi mai ƙara girman abu, a ɗinka magudanar da faɗinta bai kai milimita ɗaya ba a jikin ƙaramar jijiyar jini, domin ruwa ya sami gajeriyar hanya. Daga wajen shekarar 2020 waɗansu likitoci a ƙasar Sin, tun daga birnin Hanzhou, suka fara yin irinta a wuyan masu Alzaima. Hotunan tsofaffin da aka ce sun gane 'ya'yansu bayan aikin suka bazu, kafin a ankara asibitoci fiye da 100 sun shiga yi, jama'a na biya.

A watan Yuli na 2025 Hukumar Lafiya ta ƙasar Sin ta fitar da sanarwa ta hana yi wa masu Alzaima wannan fiɗa a matsayin magani. Hujjarta ita ce babu ingantacciyar shaida cewa aikin yana da amfani ko ba ya cutarwa, kuma sai an sami isasshiyar shaida daga binciken share fage kafin a ci gaba da gwada shi a kan mutane, bisa ƙa'idojin bincike. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin, da masu neman magani a ƙasashen waje, su riƙe wannan da kyau. Duk wanda ya ce muku zai haɗa ku da inda ake warkar da gigin tsufa da fiɗa, a nan gida ko a waje, aljihunku yake nema. Tsoho mai rauni kuwa maganin sa barci kaɗai yana iya ƙara ruɗa shi, ban da haɗarin zubar jini da ruɓewar miki.

Mu a Nijeriya mun san zafin gwaji ba bisa ƙa'ida ba. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. A yau akwai Kwamitin Ƙasa mai kula da ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ya fitar da kundinsa a 2007. Duk wanda zai gwada sabon aiki a jikin ɗan ƙasa tilas ya sami izinin kwamitin ƙa'ida, ya bayyana haɗarin da harshen da mutum ke ji, ya kuma bar shi ya ƙi in ya so.

Ruɗewar da ke da magani

Kada wannan bayani ya sa ku ce zuwa asibiti ba shi da amfani. Akwai cututtuka masu kama da gigin tsufa waɗanda ake warkarwa, waɗansu ma da fiɗa. Tsoho yakan faɗi ya bugu a kai, a manta da zancen, bayan makonni ya fara ruɗewa da yawan barci. Sau da yawa jini ne ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, likita ya huda ya zuƙe shi, mutum ya dawo hayyacinsa. Akwai kuma ciwon da likita Salomon Hakim na ƙasar Kolombiya ya bayyana cikin shekarun 1960, inda ruwa ke cika kogunan ƙwaƙwalwa. Alamunsa uku ne: tafiya ta yi nauyi kamar ƙafa ta manne da ƙasa, fitsari ya riƙa kufcewa, ga mantuwa. Wannan kam bututu yana taimakon da yawa daga masu shi.

Haka nan ƙarancin sinadarin B12, da ciwon maƙoƙo, da tunjere, da ƙanjamau, da shan magunguna barkatai, duk suna dusashe tunani. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, galibi zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko rikicewar sukari, kuma tana bukatar asibiti a ranar. Baƙin ciki mai tsanani shi ma yakan sa tsoho ya yi shiru ya daina tuna abubuwa. Jama'ar Mubi da suka bar gidajensu a watan Oktoba na 2014 sun san dattawa nawa ne suka dawo ba kamar yadda suka tafi ba. Wannan ma yana da magani. A fara daga asibiti mafi kusa, in ya gagara a tura ku asibitin koyarwa na Yola ko asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Maiduguri.

Abin da ke hannunmu yau

Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa yana da alaƙa da abubuwa 14 waɗanda ake iya kaucewa ko ragewa. Mafi kusa da mu shi ne hawan jini, kuma shaidar ta fito ne daga ƙasar Sin ɗin nan dai. A ƙauyuka 326 aka bi mutum kusan 34,000 masu hawan jini har shekara 4. A rabin ƙauyukan ma'aikatan lafiya na karkara, waɗanda ba likitoci ba, suka dage da awo da ba da magani. Sakamakon da aka buga a 2025 ya nuna gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a waɗannan ƙauyuka. Wannan aiki ne da ƙaramin asibitin kowace gunduma zai iya yi. Saboda haka Ma'aikata tana kira ga jama'a kamar haka:

1. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa auna jininsa da sukarinsa. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. A rage gishiri da ɗanɗano a miya, a bar taba, a guji giya, a riƙa motsa jiki.

3. Mai hawa babur ya sa hular kwano, gama buguwar kai tana barin tabo har tsufa.

4. Tsohon da jinsa ko ganinsa ya ragu a kai shi a duba. Cire yanar ido aiki ne na ɗan lokaci.

5. A sa yara makaranta, maza da mata, domin ilmin ƙuruciya garkuwa ne ga ƙwaƙwalwa a tsufa.

6. A ba jiki hakkinsa na barci, a kuma rage shaƙar hayaƙin itace a rufaffen ɗaki.

7. Kada a ware tsoho a ƙuryar gida shi kaɗai. Hira da zumunci abinci ne ga tunani.

Wanda ciwon ya riga ya kama, a bar shi a ɗakin da ya saba, a kawar da wuta da wuƙa da magunguna daga kusa da shi, a rufe rijiya, a sa masa takarda mai sunan unguwa da lambar wayar ɗansa a aljihu. In ya maimaita tambaya sau goma a amsa masa da taushi, kada a yi gardama da shi. A kuma riƙa karɓar mai jinya, wadda galibi 'ya ce ko suruka, domin ita ma ta huta.

Ina roƙon iyayen ƙasa da malamai da limaman coci su taya mu da abu guda. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare, tana sambatu, ko tana amsa laifin da ba ta yi ba, mara lafiya ce, ba mayya ba. Dukanta ko korarta ko ɗaure ta laifi ne a gaban shari'a, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura. A nemi danginta, a kai ta asibiti.

Jama'a, masana suna nan suna aiki, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ranar da aka tabbatar da wata fiɗa ko wani magani ta hanyar gwaji na gaskiya, daga bakin Hukuma da likitocinku za ku ji. Kafin nan, ku kai wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba, mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu tsufa da hankalinmu.